Wa Ke Da Ikon Yafe Jini?

 

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai wata wadda ta sa muka jingine bayanin zakkar kayan ciniki da muka fara, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wani mai sayar da hatsi ne ya rubuto. Ya ce shekara 16 da suka wuce gardamar bashi ta haɗa ƙanensa da wani abokin cinikinsa, mutumin ya zare wuƙa ya daɓa masa, ya mutu ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Aka yi shari'a, aka yanke wa mai laifin hukuncin kisa, amma ba a zartar ba. Kwanan baya yana tsaye a tashar mota sai ya hangi mutumin nan yana cinikin rake. Ba wanda ya aiko musu da takarda, ba wanda ya tambaye su. Ya ce tun ran nan bai yi barcin kirki ba, kuma babban ɗan mamacin, wanda yanzu ya zama saurayi, ya fara wasu maganganu masu ban tsoro. Tambayarsa ita ce: shin ya halatta a saki wanda ya yi kisan kai, kuma wa ke da ikon sakinsa?

Amsarmu a taƙaice ita ce, Musulunci bai rufe ƙofar sakin mai kisa ba, amma kuma bai danƙa mabuɗinta ga hukuma ita kaɗai ba. Ga bayani.

Da farko ya kamata mu rarrabe abubuwa uku da jama'a kan cakuɗa. Akwai afuwa, watau shugaba ya ɗauke wa mai laifi hukunci. Akwai sassauci, watau a mai da hukunci mai tsanani ya koma mai sauƙi, kamar a mai da kisa ya zama ɗaurin rai da rai. Sa'an nan akwai sakin talala, watau a fito da fursuna kafin wa'adinsa ya cika, bisa sharuɗɗa, in ya saɓa a mai da shi. Bahaushe ya san talala: igiya ce doguwa da ake ɗaure dabba da ita, ta yi kiwo ta wala, amma ƙarshen igiyar yana jikin turke.

A dokar Nijeriya, sashe na 175 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon afuwa da sassauci bayan ya shawarci Majalisar Magabata ta Ƙasa, sashe na 212 kuma ya ba gwamnoni irin wannan iko a kan laifuffukan da suka shafi dokokin jihohinsu. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ƙara da cewa wanda aka yanke wa hukuncin kisa, ya gama ɗaukaka ƙara, aka shekara 10 ba a zartar ba, babban joji yana iya mai da hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 kuwa, a sashe na 468, ta ce in shugaban gidajen yari ya shaidi fursuna da kyakkyawan hali, kuma ya cinye aƙalla sulusin wa'adinsa, kotu tana iya dakatar da sauran bayan ta saurari mai gabatar da ƙara da shi fursunan ko lauyansa. Da yake gwamnoni sun daɗe suna nauyin hannu wajen sa hannu a takardar kisa, har waɗanda ke jiran igiya a gidajen yarinmu sun haura 3,000, to, hanya ta zama sananniya: daga kisa zuwa rai da rai, daga rai da rai zuwa ƙofar gida.

Mai karatu ya sake duba jerin waɗanda ake saurara a wannan sashe. Akwai ganduroba, akwai lauyan gwamnati, akwai fursuna. Ina uwar mamaci? Ina marayunsa? Nan ne gizo ke saƙar. Mun ga irin abin da wannan giɓi ke haifarwa a watan Oktoba na 2025, sa'ad da aka fitar da sunayen mutum 175 da shugaban ƙasa ya yi wa afuwa ko sassauci, a cikinsu har da wadda kotu ta kama da laifin kashe mijinta. Ƙasa ta ɗauki surutu, dangin mamacin kansu aka ji muryarsu biyu, wani ya ce ya yafe, waɗansu suka nuna baƙin cikinsu a fili, har kafin watan ya ƙare aka sake duba jerin sunayen. Da an fara da tambayar masu haƙƙi, da ba a kai ga haka ba.

To, me shari'a ta ce? Malamai, cikinsu har da Ibnul Ƙayyim, sun bayyana cewa haƙƙi uku ne ke rataye a wuyan wanda ya kashe rai da gangan. Na farko haƙƙin Allah, domin ya keta dokarsa, kuma aya ta 93 ta Suratun Nisa'i ta yi masa narkon azaba mai tsanani. Wannan haƙƙi tuba ta gaskiya ce ke kankare shi. Na biyu haƙƙin magadan mamaci, waɗanda littattafan fiƙihu ke kira waliyyan jini. Na uku haƙƙin shi wanda aka kashe, wanda ba mai iya biyansa a duniya, sai ranar tsayuwa gaban Allah, ranar da hadisi ingantacce ya nuna cewa jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane.

Haƙƙi na biyu shi ne wurin maganarmu. Aya ta 33 ta Suratul Isra'i ta nuna cewa waliyyin wanda aka kashe da zalunci shi aka ba iko, ta kuma gargaɗe shi kada ya wuce iyaka. Aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta wajabta ƙisasi, kuma a cikinta aka buɗe ƙofar rangwame da biyan diyya, aka siffanta wannan da sauƙi da rahama daga Ubangiji. Abin lura shi ne, rangwamen nan daga wajen mai haƙƙi aka ce ya fito. Ba a jingina shi ga sarki ko alƙali ba. Aikin hukuma shi ne ta binciko gaskiya, ta tabbatar da laifi, ta zartar da hukunci ko ta shaida sulhu.

'Yan kasuwa za su fi kowa gane wannan. In ka ba yaronka amanar karɓo maka bashi a wurin wani, ya je ya iske wanda ake bin ya tsufa, ya yi laushi, yana yawan zuwa masallaci, sai tausayi ya kama shi ya ce, "Je ka, na yafe maka," shin bashin ya faɗi? Bai faɗi ba. Yaron ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, ko da niyyarsa mai kyau ce. Haka ma ma'aikacin gwamnati ya sani cewa ba ya sa hannu a kan abin da ya fi ƙarfin muƙaminsa. To, jini ya fi bashin kuɗi nauyi nesa ba kusa ba. Har ma malamai da yawa sun ce in mamaci ba shi da magaji, shugaba ya zama waliyyinsa, ba shi da ikon yafewa kyauta, domin haƙƙin ya zama na jama'ar Musulmi, shi kuwa mai riƙon amana ne kurum.

Kada wani ya fahimci cewa addini yana ƙyamar yafewa. Aya ta 45 ta Suratul Ma'ida ta ɗauki yafewa a matsayin sadaka mai kankare zunubi. An ruwaito daga Anas ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, cewa ba a kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙarar ƙisasi face ya kwaɗaitar da yin afuwa. Amma kwaɗaitarwa yake yi, ba ya tilastawa. Lokacin da Rubayyi'u, gwaggon Anas, ta karya haƙorin wata yarinya, aka nemi dangin yarinyar su karɓi diyya suka ƙi, sai ya ba da umurnin ƙisasi, bai janye ba sai da su da kansu suka sauko suka yafe. In an tsaya haka a kan haƙori guda, yaya ke nan a kan rai?

A mazhabarmu ta Malikiyya an tsara wannan babi daki-daki, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya wuce ta kansa. In magada masu daraja ɗaya ne, kamar 'ya'ya maza, ɗaya ya yafe, to, kisa ya faɗi, sauran suna da rabonsu na diyya. Diyya kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Dinari 1,000 ya kai kimanin kilo huɗu da kwata na zinariya. Mai son sanin nauyin rai a shari'a ya tambayi maƙeran zinariya kuɗin wannan a yau. A kisan kuskure dangin mai kisa na wajen uba ne ke haɗa diyyar cikin shekara uku, shi kuma ya yi kaffara. A kisan ganganci kuwa abin da aka yi sulhu a kai daga dukiyarsa zai fito, kuma ba ya gadon wanda ya kashe.

Sa'an nan akwai hukunci biyu na mazhabar Imamu Malik da ke nuna cewa ita ma jama'a tana da nata rabo a cikin al'amarin. Na farko, wanda ya yi kisan ganganci aka yafe masa ba ya kaɗe riga ya tafi gida. Ana yi masa bulala 100, a ɗaure shi shekara guda, domin horo. Na biyu, babu afuwa a kisan gilla. Gilla a bakin malaman fiƙihu ba kisan rashin tausayi kawai ba ne kamar yadda ake faɗa a rediyo. Ita ce a yaudari mutum, a ja shi wurin da ba mai cetonsa, a kashe shi a ɓoye, galibi don a ƙwace abin da ke hannunsa. Wannan ko magada sun yafe ba a karɓa, domin ya zama ɓarna a bayan ƙasa, irin ta 'yan fashi. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya kashe mutum biyar ko bakwai saboda mutum guda da suka taru suka kashe ta wannan hanya. Wanda ya yi hayar ɗan acaɓa ya kai shi bayan gari ya kashe shi don babur, da wanda ya sace yaro ya karɓi kuɗin fansa sa'an nan ya halaka shi, duk nan suka faɗa. Irin waɗannan ba gwamna, ba magaji, ba mai ikon kwance su.

Ashe ke nan ƙofar tana da kuba biyu. Ɗaya a hannun magada, ɗaya a hannun hukuma, kuma ba ta buɗuwa da guda. Magabatanmu na kusa ma sun san da haka. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1960, zamanin Sardauna, ta tanadi cewa kotun En'e, kafin ta yanke hukuncin kisa, ta kira dangin mamaci ta ji abin da suke so, ta rubuta shi cikin kundin shari'a. Jihohin da suka kafa dokokin laifuffuka na shari'ar Musulunci, tun daga Zamfara a 2000, su ma sun mayar wa magada zaɓinsu tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa. Amma yawancin shari'un kisan kai manyan kotuna ne ke yinsu, inda jini ya zama ƙarar gwamnati, dangin mamaci kuwa ba su wuce shaidu ko 'yan kallo ba.

Mun san akwai masu cewa: mutum ya shekara 20 a kurkuku, ya yi nadama, ya haddace Alƙur'ani, ya koyi sana'a, furfura ta fito masa, me za a ƙaru da shi in an bar shi ya mutu a can? Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Ƙofar tuba a buɗe take, kamar yadda ayoyi na 68 zuwa 70 na Suratul Furƙan suka nuna, da kuma hadisin mutumin nan na mutanen da, wanda ya kashe rai 100 kuma Allah Ya karɓi tubarsa. Amma tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa take, ba ta biyan haƙƙin mutane. Wanda ya ci dukiyar marayu ya tuba, sai ya mayar. Kuma a lura, malamin da ya ba mai kisa 100 fatawa bai ce ya koma unguwarsu ya zauna ba, cewa ya yi ya bar garin. Haka nan Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu: ya musulunta, Musulunci ya shafe abin da ya gabata, aka karɓe shi, amma Manzon Allah ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. In mafificin halitta ya ji zafin ganin wanda ya kashe baffansa, to, kada a zargi mai sayar da hatsi don ya kasa barci. Alamar tuba ta gaskiya ita ce mai laifin da kansa ya aika a nemo masa gafarar waɗanda ya mai da marayu, tun kafin ya nemi takardar shaidar ganduroba.

Akwai kuma masu cewa in an bar abin a hannun magada, mai kuɗi zai sayi kansa, mai ƙarfi ya tsoratar da raunana. Wannan ma gaskiya ne, kuma an gani a wata ƙasar Musulmi. A Pakistan, bayan an shigar da ƙisasi da diyya cikin doka a 1990, sai ya zamana mutum ya kashe 'yar'uwarsa da sunan kare mutuncin gida, uba kuma ya zo kotu ya ce ya yafe, a tashi. Sai a 2016 majalisarsu ta gyara dokar, ta ce ko an yafe irin wannan sai ya sha ɗaurin rai da rai. Maganin wannan cuta shi ne kubar nan ta biyu. Wajibi ne alƙali ya tabbatar afuwar ba ta tilas ba ce, kuma waliyyin yara ƙanana ba ya zubar da haƙƙinsu don a ce masa mutumin kirki. In hukuma ta ga mutum haɗari ne ga jama'a, tana da ikon ci gaba da tsare shi ta hanyar ta'aziri ko da magada sun yafe.

Ba za mu rufe ido kuma ga wani ɓangare ba. Ba duk wanda aka rubuta wa kisan kai ne ya yi kisan ganganci ba. Akwai wanda aka tilasta ya amsa laifi da duka, alhali iƙirarin tilas ba hujja ba ne. Akwai wanda bai balaga ba lokacin da abin ya faru, shi kuwa gangancin yaro hukuncin kuskure gare shi. Akwai wanda ya yi kisa yana kare kansa ko dukiyarsa. Kuma kusan biyu cikin uku na mazauna gidajen yarinmu ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Sakin wanda aka zalunta ba alfarma ba ce, wajibi ne, kuma a nan ya kamata kwamitocin afuwa su fara nuna tausayinsu, maimakon a kan waɗanda ke da mai kai sunansu ofis.

Saboda haka shawararmu ga mahukunta, da ma'aikatan da ke shirya musu takardu, ita ce: kada a gabatar da sunan mai kisan ganganci don afuwa ko sakin talala sai an nemo magadan mamaci ta hannun hakimi ko limami, an ji ta bakinsu a gaban alƙali, an rubuta. A daidaita maganar diyya, ko da biya kaɗan-kaɗan ne daga sana'ar da ya koya, a fara da marayu. A sa masa sharaɗin kada ya zauna inda dangin mamaci za su riƙa cin karo da shi, sai in su suka yarda. A sa wanda zai riƙa bibiyarsa da gaske, domin talala ba turke saki ne kawai. Masu kisan gilla kuwa a cire su daga lissafi gaba ɗaya. 'Yan majalisunmu na jihohi suna iya sa waɗannan cikin doka, kuma ba Musulmi kaɗai za su amfana ba, domin uwar da ta rasa ɗa ba ta da bambanci ko wane addini take bi.

Kai kuma ɗan'uwa mai wasiƙa, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ji ƙan mamacinku. Haƙƙinku bai faɗi ba don an yi sakin nan ba da saninku ba. Amma ka ja kunnen ɗanka da babbar murya: malamai sun haɗu a kan cewa ƙisasi ba a yinsa sai ta hannun hukuma. In ya ɗauki wuƙa, ya zama mai laifi na biyu, mahaifiyarsa ta rasa miji ta rasa ɗa, gaba kuma ta gadu tsakanin gidaje biyu. Ku tara dattawan gida ku yi shawara, ku nemi lauya ya bincika muku a kan wane sharaɗi aka sake shi, ku kai kukanku a rubuce ga ma'aikatar shari'a ta jiharku, ku nemi malamai da masu unguwa su shiga tsakani a kan diyyar marayu. In zukatanku sun iya yafewa don Allah, ladanku yana wurin wanda ba Ya tozarta lada. In ba su iya ba, ba ku yi zunubi ba. Abin da ya kuɓuce a kotun duniya kuwa ba ya kuɓucewa a ta gobe. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Allah Ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinsa, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya sa mu cika da imani. Allah ne Mafi sani.